An ce ƙarin hanta ya yi yawa baza'a iya yin aiki ba, shin akwai sauran hanya?

Wani ɗan uwa daga Gwammaja ya turo tambaya, yace an gano mahaifinsu mai shekara 58 yana da kansar babban hanji, da akai hoton CT sai aka ga ta sauka a hanta har guri bakwai, biyar a ɓangaren dama biyu a hagu. Likitan da ya gansu yace aiki bazai yiwu ba sai dai kimo, wato maganin kansa da ake ɗurawa ta jijiya, sai kuma wani ya gaya musu ai in sun fita Indiya za'a yi. Yana so ya san wanne ne gaskiya kafin su saida fili.

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya bawa Abba lafiya yasa kaffara ne. Ni aikina tiyata ne, amma tunda banga hoton da idona ba bazan yanke hukunci akan Abba ba, abinda zan iya shine in nuna maka yadda muke lissafin, daga nan kai ma zaka gane irin tambayar da ya kamata kayi. Kuma zai iya yiwuwa duka su biyun gaskiya suka faɗa maka, wato yau ɗin nan aiki bazai yiwu ba, amma nan da wata uku ko huɗu in anbi matakai ya yiwu.

Da can likitoci ƙirga ƙarin suke yi, in ya wuce uku ko huɗu ko kuma ya kama dama da hagu sai ace a haƙura. Yanzu ba haka ake kallon abin ba. Abinda ke damun mai yanka ba yawan abinda zai cire bane, abinda zai bari a cikin mutum shine magana. Hantar babban mutum takan kai wajen kilo ɗaya da rabi, kuma duk da kana ganinta dunƙule guda kamar ta rago a hannun mahauci, a ciki yanki takwas ce, kowane yanki da jijiyar da ke kawo masa jini da wadda ke fitar masa da jini da bututunsa na ruwan madaciya. Wani likitan Faransa mai suna Claude Couinaud ne ya fayyace wannan tsarin a 1957 kuma har yau da lambobinsa muke aiki, shi yasa zaka ga an rubuta yanki na 4 ko na 7 a takardar sakamako. To in za'a iya barin ko da yanki biyu masu maƙwabtaka da juna, babu ƙari a cikinsu, jini na shiga yana fita, madaciya na zuba, kuma girmansu ya isa, aiki zai yiwu ko da ƙarin guda goma ne. Girman da ake nema kuwa, in hantar lafiyayya ce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ya isa, in mutum ya sha kimo sai an bar masa kamar kashi 30, in kuwa hantar ta riga ta tsuke ta yi tauri to ƙasa da kashi 40 akwai haɗari. Dalilin da yasa muke tsoron wannan lissafin sosai shine in abinda ya rage ya gaza, kwana kaɗan bayan aiki ido zai yi shawara, ciki ya tara ruwa, jini ya daina daskarewa, mutum ya fara ruɗewa, kuma hanta ba kamar ƙoda bace da za'a ɗora ka a injin wanki a ci gaba da tafiya shekara da shekaru, babu injin da zai riƙe aikinta na tsawon lokaci.

Kafin in shiga dabarun, akwai abinda ya kamata ka koma ka tambayi likitan Abba, shine me ya hana aikin. In cewa yayi hantar da zata rage ta yi kaɗan ko ƙarin ya kwanta akan babbar jijiya, to wannan ne ake da dabarunsa. In kuwa cutar ta bazu a fatar cikin ciki ko ƙashi ko ta cika huhu, ko kuma shi Abba jikinsa yayi rauni sosai, zuciya ko ƙoda baza su ɗauki aikin awa shida ba, to gaskiya ko Jamus aka kai shi amsar bazata canza ba. Ɗan ƙari ɗaya ko biyu a huhu wanda shima za'a iya cirewa ba lallai ya hana ba.

Kimon da aka ce muku, kar ku ɗauke shi a matsayin an sallame ku. A irin kansar Abba shine matakin farko na zuwa tiyata. A asibitin Paul Brousse da ke gefen Faris, Henri Bismuth da René Adam sune suka nuna haka tun 1996, kuma a rahoton da suka fitar a 2004, cikin mutum 1104 da aka ce baza'a iya musu aiki ba, 138 kimo ya rage musu ƙarin har aka yi, kuma kashi 33 cikin ɗari na waɗannan sun kai shekara biyar a raye. Kaga ba kowa bane, wajen mutum ɗaya ne cikin takwas, amma da magungunan wancan zamanin ne, na yanzu sun fi ƙarfi. Haɗin da aka fi bayarwa sune FOLFOX da FOLFIRI, wani lokacin a haɗa su gaba ɗaya in mutum nada ƙarfi, sannan a ƙara wata allura akai. Akwai gwajin da ake wa tsokar da aka ɗebo daga hanjin mai suna RAS, shine yake nuna ko allurar setuksimab zata yi amfani, in gwajin ya nuna ƙwayar ta canza to siyan wannan allurar asarar kuɗi ne kawai, kuma tsadarta ba ta wasa bace, don haka a yi gwajin tukunna.

Inda ake yawan samun matsala anan gurinmu shine a ɗora mutum akan kimo a yi ta bashi zagaye goma sha biyu babu wani likitan hanta da ya sake kallon hoton. Wannan kuskure ne ta fuska biyu. Shi kimon yana wahalar da hantar da muke so mu bari, maganin oksaliplatin da ke cikin FOLFOX yana lalata ƙananan hanyoyin jini har ka buɗe ciki kaga hantar ta yi shuɗi-shuɗi tana zubda jini da an taɓa ta, irinotekan da ke cikin FOLFIRI kuma yana sa ta tara kitse ta kumbura. Sannan ƙananan ƙarin sukan ɓace daga hoto, iyali suyi ta murna, alhali sau da yawa ƙwayoyin suna nan, mai aiki ya shiga ya rasa inda zai yanka, bayan wasu watanni su dawo a gurin da suke. Shi yasa ƙa'ida itace duk bayan kamar wata biyu a sake hoto a zauna a kalla tare da mai tiyata, da zarar an ga aiki zai yiwu a tsaida kimon, a jira sati huɗu zuwa shida jiki ya huta, a shiga. Ba jira ake ƙarin ya ɓace ba, ragewa kawai ake nema.

To idan ƙarin ya ragu amma hagun da za'a bari ta yi ƙanƙanta fa? Anan ne baiwar da Allah ya yi wa hanta take amfani, tana tofowa. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shigarta yana zuwa ne daga hanji ta wata babbar jijiya da muke kira fotal, wadda take rabuwa biyu, dama da hagu, kuma a cikin wannan jinin ne abubuwan da ke sa ta girma suke. Duk wanda ya taɓa ganin noman rani a Kadawa ya san in ka toshe bakin wani fangali da ƙasa ruwan gaba ɗaya ɗayan yake komawa, to haka ake yi, a toshe reshen dama inda cutar take, jinin ya karkata hagu, dama ta fara motsewa hagu ta fara girma. Ba sai an buɗe ciki ba, likitan hoto ne yake shiga da allura ta fata yana kallo a allo ya zuba abin toshewar, yawanci washegari mutum ya tafi gida. Likitocin Japan ne suka fara a shekarun 1980, sunan Masatoshi Makuuchi ne yafi fitowa a ciki. Bayan sati huɗu zuwa shida a sake CT a auna. Wannan jiran shima gwaji ne, hantar da aka toshe wa ɗaya ɓangaren amma ta ƙi girma ta gaya maka cewa bazata ɗauki babban aiki ba, gara ka sani tun kafin wuƙa. Illarsa itace a cikin wannan jiran ƙarin ma bai tsaya ba. Daga 2016 wasu a Montpellier ta Faransa suka fara toshe jijiyar shiga da ta fita lokaci ɗaya don girman yayi sauri, kuma abin yana karɓuwa.

Amma lura, Abba nada guda biyu a hagun, in ka tura jini can su ma ka basu abinci. Irin wannan ne yasa aka ƙirƙiro aiki hawa biyu, wanda su Adam ɗin dai suka bayyana a 2000. A shiga na farko a ƙwaƙule ƙananan da ke hagu a tsaftace ta, a ɗaure jijiyar dama ko a toshe ta daga baya, a rufe. Wani lokacin a wannan shigar ake cire na hanjin ma. A jira wata ɗaya zuwa biyu hagun ta girma, sannan a koma a cire dama gaba ɗaya. In akwai wani ƙarami da ya nutse can ciki wanda bai kai santimita 3 ba, ba sai an yanka ba, ana soka masa allura a ƙona shi da zafi a inda yake. Daga bayanin da ka bayar wannan ce hanyar da ta fi kama da ta Abba, in har huhu da sauran ciki lafiya suke. Sai dai ka sani tun yanzu, wajen mutum ɗaya cikin uku ko huɗu baya kaiwa aiki na biyu, ko dai cutar ta ƙaru a tsakani ko hantar ta ƙi girma, kuma aiki na farko shi kaɗai baya warkarwa. Wannan maganar ya kamata a faɗa wa iyali kafin a karɓi kuɗinsu.

Don a rage masu zubewa a hanya ne aka samu wata dabara da zaka ji ana kira ALPPS, in ka tura hoton waje akwai yiwuwar wani ya ambata maka ita. Asalinta ma ba shiryawa akai ba, a 2007 wani likita a Regensburg ta Jamus, Hans Schlitt, yana tsakiyar aiki ya ga abinda zai rage bazai isa ba, sai ya tsaga hantar, ya ɗaure jijiyar dama ya bar ɓangaren a ciki ya rufe, da aka yi hoto bayan kamar sati sai ga hagun ta yi girman da ba'a saba gani ba. Dalili shine tsagawar ta yanke ƙananan hanyoyin da jini ke satar hanya ya koma dama. A 2012 aka fitar da rahoton mutum 25 na farko, hantar ta ƙaru da kashi 74 cikin ɗari a kamar kwana tara, abinda toshewa kaɗai take ɗaukar fiye da wata bata kai ba. Amma uku daga cikin 25 ɗin sun rasu, kuma wannan yawa ne a aikin hanta. Daga baya aka gane wa ya dace da ita, aka sassauta yadda ake aikin farkon, kuma a wani gwaji da akai a ƙasashen Sikandinebiya aka fitar a 2018, kashi 92 na waɗanda aka yi wa ALPPS an samu cire musu ƙarin duka, a aiki hawa biyu da aka saba kuwa kashi 57. Ra'ayina dai, dabara ce mai kyau ga mai sauran ƙarfi wanda kansar hanji ce ta sauka masa a hanta lafiyayya, kuma a gurin da suke yinta akai-akai, da ɗakin kulawa ta musamman na gaske da bankin jini da baya yankewa. Ga tsoho mai rauni ko mai shawara ko wanda hantarsa ta tsuke, ni bazan bada shawararta ba, saboda hantar da ta girma a kwana tara girman jiki tayi, aikinta bai gama kamo girman ba. Manyan aiki biyu ne cikin sati biyu, ba ƙaramin abu bane ga ɗan shekara 58 da ya sha kimo.

Akwai kuma masu ganin duk wannan ba dole bane, musamman wasu likitoci a Milan, su sai su ɗora na'urar hoto kai tsaye akan hantar a lokacin aiki suna bin ƙarin ɗaya bayan ɗaya suna ƙwaƙulewa su bar jijiyoyin, a gama a shiga ɗaya. Ina son wannan hanyar in ta yiwu, don tana barin hanta da yawa, in cutar ta dawo akwai abinda za'a sake yanka. Kuma takan dawo, fiye da rabin waɗanda akai wa aiki sukan sake ganinta, shi yasa bibiya da hoto da gwajin jini mai suna CEA baya ƙarewa.

Dashen hanta kuwa, da can ba'a ma kawo shi a kansar hanji. Mutanen Oslo ne suka sake buɗe maganar a 2013, sannan a 2024 wani gwaji mai suna TransMet ya nuna kashi 57 sun kai shekara biyar da dashe da kimo, masu kimo kaɗai kashi 13. Amma waɗannan mutane ne da aka tace sosai, an riga an cire na hanjin, babu komai a wajen hanta, cutar ta kwanta akan kimo na watanni. A nan Kano ana dashen ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002, amma na hanta sai an fita, Indiya ko Masar ko Turkiyya, kuma ɗan uwa ne zai bada wani ɓangare na tasa hantar, shima babban aiki za'a yi masa, sannan ga maganin hana jiki ƙin dashen har ƙarshen rayuwa. Kar ku fara lissafi daga nan.

Bari in ɗan kauce saboda sauran masu karantawa, kada wani ya ɗauki amsar Abba ya ɗora akan nasa mara lafiyan. Yawancin kansar hantar da muke gani a Kano ba daga hanji ta zo ba, a hantar aka haife ta, kuma uwarta ciwon hanta nau'in B ne, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da shi, ga kuma gubar funfunar gyaɗa da masara da aka adana da danshi tana ƙara wuta. A irin wannan ba ƙarin ne kaɗai matsala ba, ita kanta hantar ta shekara ashirin ko talatin tana fama, ta tsuke, bata tofowa yadda ake so, don haka dabarun da na lissafa da yawansu basa aiki. Wanda yazo da ciki ya tara ruwa ido yayi ɗorawa, yanka shi cutarwa ne. Wanda hantarsa ke da sauran ƙarfi akan gwada shiga ta jijiyar cinya a kai magani har bakin ƙarin a toshe masa jini, ana kiransa TACE, ko a zuba ƙwayoyi masu fitar da radiyeshan da ke ƙona ƙarin, ko alluran da suka fito a 2020 na atezolizumab da bebasizumab, wasu ƙarin ya ragu har a yanka ko a yi dashe. Ma'aunin dashe a irin wannan tun 1996 shine ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko guda uku da kowanne bai wuce 3 ba, kuma bai shiga jijiya ba. Mu kuwa masu zuwa mana sau da yawa ƙarin ya kai santimita 15, an sha jiƙe-jiƙe wata shida har da sakiya a ciki. Duk mai ciwon hanta B da likita yace ya dinga hoton ciki duk wata shida, wallahi ya dinga yi. Yara ƙanana kuma nasu daban ne, kansar hantarsu tana jin kimon sisplatin sosai, da yawa wanda aka ce yayi girma yakan ragu a cire.

Mu dawo kan fili. Shawarata kar ku saida komai yanzu. Kimon da za'a fara a Indiya shine dai wanda za'a fara anan, in za ku tabbatar da ingancin maganin ku yi shi a gida kusa da iyali, kuɗin tafiya a ajiye shi sai lokacin aiki. Abinda za ku yi a satin nan shine ku koma inda akai CT ku karɓi faifan hoton kansa, ba takardar bayani kaɗai ba, mai yanka hoton yake so ya gani ya auna da kansa. In ba'a yi na ƙirji ba a yi, in da hali a ƙara MRI na hanta kafin a fara kimo saboda shine zai zama taswirar inda ƙananan suke in sun ɓace daga baya. Ku haɗa da sakamakon tsokar hanji da gwajin jini ku tura wa likitan tiyatar hanta kai tsaye, nan gida ko waje, ba ta hannun dillalin asibiti ba, shi dillali kamashonsa a zuwanku yake ba a warkewar Abba ba. Ku tambaye shi kashi nawa na hantar zai rage, wacce hanya zai bi, sau nawa suke irin wannan aikin a shekara, kuma in an yi na farko na biyu bai yiwu ba me zai biyo baya. Ku tambayi tsawon zama ma, aiki hawa biyu yana iya cin wata biyu zuwa uku a ƙasar mutane, kuɗin masauki da abinci da mai jinya yakan ba iyali mamaki fiye da na asibitin. Duk asibitin da ya baku farashi da ranar aiki bai ga faifan ba, ku kama kanku.

Na hanjin kuma, in yana toshe bayan gida ko yana zubda jini da yawa shi za'a fara magancewa, in kuwa shiru yake ana iya barinsa a fara da hanta, tunda ita ce ke yanke hukunci. A wannan tsakanin Abba ya ci abinci sosai, ƙwai, kifi, wake, nono, duk abinda ransa ke so, ya dinga takawa masallaci da ƙafarsa in zai iya, mai tiyata yana kallon ƙarfin tafiyar mutum kamar yadda yake kallon hoto. A ajiye duk wani sassaƙe da garin magani, hantar nan muna buƙatar kowane yanki nata. Sannan kafin ledar kimo ta farko ta shiga jikinsa ku tabbatar an yi masa gwajin ciwon hanta B, saboda kimo yana tada ƙwayar ko da ta shekara talatin a kwance, ta lalata hantar da ake ta tattali, alhali ƙwayar tenofobir ɗaya a rana in an fara ta kafin kimon tana hana hakan.